Yadda Ake Nemo wa Masana'antar Magani Kwangila, a Kuma Sami Gamsuwa a Aikin

Tun da na ambata cewa aikina shi ne nemo wa masana'antar magani kwangilar sarrafawa, tambayoyi ba su yanke ba. Yawancinsu daga matasa masu harhaɗa magunguna ne da suka gaji da tsayuwa a kanti, sai kuma masu tallan magani da ke yawo asibiti-asibiti da jaka a kafaɗa. Tambayar farko ita ce ta ina ake farawa. Ta biyu, wadda aka fi yi mini a keɓe, ita ce ko akwai wani daɗi a aikin ban da la'ada.

Ga aikin a taƙaice. Wani yana da sunan magani da kasuwa, ba shi da inji. Masana'antarku tana da inji da ma'aikata da lasisi, amma injin yakan yi kwana biyu a sati a kashe. Kai ne za ka haɗa su, ka kuma tsaya a tsakani har maganin ya fito.

Daɗin aikin yana nan, sai dai a makare yake zuwa. Daga ranar da kuka fara gaisawa da mai magani zuwa ranar da katan na farko zai hau mota, shekara guda ba abin mamaki ba ce, wani lokaci har da ɗoriya. Wanda ya rataya farin cikinsa a kan ranar sa hannu kaɗai, da wuri zai sare. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa abin da na yi alkawari shi ya fito daga inji, kuma uwar da ta kwance bakin zaninta ta saya wa ɗanta, magani na gaskiya ta saya. A cikin matakan nan ake gina wannan sanin, don haka na jera su yadda suke zuwa.

1. Zaɓi masana'anta kafin ka dubi albashi

Shekaru za ka yi kana yabon wurin nan a gaban mutane, da bakinka da mutuncinka. Idan a ranka ka san akwai ɓaraka, kowane zama da baƙo zai zame maka dakon dutse. Kafin ka karɓi takardar aiki, ka nemi ganin shaidar da hukumar NAFDAC ta bayar cewa wurin yana bin ƙa'idojin sarrafa magani, waɗanda kowa a harkar yake kira GMP, ka dubi ranar binciken ƙarshe. Ka tabbatar akwai lasisin hukumar PCN mai kula da harkar harhaɗa magunguna. Sannan ka yi tambayar da ta fi waɗannan nauyi: shin shugaban sashen inganci yana da ikon tsayar da kaya ko da mai kamfani yana gaggawa, kuma yaushe rabon da ya yi hakan? Inda aka ce maka ba a taɓa tsayar da komai ba, ka yi tunani sau biyu.

Manyan masana'antun sun fi yawa a Legas da jihar Ogun, wuraren Agbara da Sango-Ota da Sagamu. Ɗan Arewa ya shirya wa zama a can ko zirga-zirga. Amma yana da abin da abokan aikinsa da yawa ba su da shi: ya san kasuwar Kano, ya san yadda ake zama da manyan 'yan kasuwarta, kuma yana jin abin da aka faɗa da abin da aka bari a ciki.

Gargaɗi: sabon fenti da sanyin ofis kada su ruɗe ka. Ka roƙi a zagaya da kai sito da ɗakin gwaje-gwaje. Gani ya kori ji.

2. Yi wata guda a gindin inji

Kada ka kira kowa a waya a watanka na farko. Ka sa hular leda da farar riga da takalmin ciki, ka bi zubi ɗaya tun daga awon gari har rufe katan. Zubi shi ne adadin da ake haɗawa a lokaci guda, wanda yake ɗauke da lamba ɗaya a jikin kwali.

A satina na biyu na tsaya ina kallon wankin injin buga ƙwaya bayan an gama maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake haɗa artemether da lumefantrine. Garin lumefantrine ruwan ɗorawa ne, kuma yana maƙalewa a kowane lungu. Wani dattijo mai kula da injin ya kwance ƙarafan bugawar ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a faranti, ana wankewa ana busarwa. Da na ga ƙarfe ya yi fes sai na ce ai an gama. Ya girgiza kai ya ce, "Yaro, idonka ba shi ne ma'auni ba." Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta zo da auduga a tsinke, ta goga a wasu wurare da aka riga aka ayyana, ta tafi da ita. Injin bai sake motsi ba sai washegari, bayan sakamako ya fito. Ranar na fahimci dalilin da ya sa ƙaramar oda take da tsada, na kuma daina jin haushin masu sashen inganci tun kafin in fara.

Ka fito daga watan nan da takarda ɗaya a aljihu: layukan inji nawa ne, wanne ke yin ƙwaya, wanne kafso, wanne sirof, kowanne nawa yake fitarwa a awa a zahiri, ban da abin da aka rubuta a jikin inji, zubi mafi ƙanƙanta da mafi girma, awa nawa wanki yake ci, da watannin da layi yake da sarari. Wannan takardar ita ce hajarka.

Gargaɗi: magungunan dangin penisilin, irin su amoxicillin, ƙa'ida ta ce a keɓe musu wurin sarrafawa daban, saboda ɗan ɓurɓushinsu a cikin wani magani yana iya halaka mai borin jini da su. Idan ba ku da wannan keɓaɓɓen wuri, kada ka yi alkawarinsu komai girman odar. Haka allurai da ruwan ƙarin jiki, nasu wurin daban ne.

3. Rubuta waɗanda za ka nema

Kasuwar nan ta buɗe ne da dalili, kuma sanin dalilin zai nuna maka ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa. A 2019 NAFDAC ta fito da tsarin da ake kira biyar da biyar: maganin da ake iya yi a cikin gida, mai shigo da shi zai sami rajistar shekara biyar, kafin ta ƙare ya nuna shirinsa na kafa masana'anta ko na haɗa kai da wata ta cikin gida, sannan a sabunta masa sau ɗaya. Ga kuma canji. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Masu shigo da magani daga Indiya da Sin su ne mutanenka na farko, domin lokaci da canji duk sun matsa musu. Ka shiga rumbun Greenbook na NAFDAC a intanet ka ga magungunan da ke da rajista da kamfanonin da suka mallake su, ka zaga kantuna kana karanta bayan kwali don ganin ƙasar da aka yi kowanne, ka ware waɗanda layukanku za su iya.

Sai manyan dillalai da suka gaji da sayar da sunan wasu suna son nasu. A Kano za ka same su a cibiyar sarin magani ta Dangwauro da ke hanyar Zariya, inda aka tilasta wa 'yan kasuwar magani na Sabon Gari komawa a watan Fabrairu na 2024. Akwai irinsu a Onica da kasuwar Idumota ta Legas. Odarsu takan fara ƙarama, amma su ne suka san ainihin abin da ke tafiya a ƙauyuka, kuma idan suka yarda da kai sun yarda.

Manyan kamfanonin waje ma suna ba da aiki. A 2019 GSK ta sanar da cewa za ta rufe masana'antarta ta Agbara ta miƙa wa kamfanin Fidson na cikin gida sarrafa kayanta, a shekarar kuma Sanofi ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da May & Baker. Irin wannan ciniki yana ɗaga darajar masana'anta, domin binciken da za su yi muku kafin su yarda makaranta ce guda. Amma ka tuna a watan Agusta na 2023 GSK ta sanar da naɗe harkokinta na kai tsaye a Najeriya. Shawarar da ta shafe ka ana iya yanke ta a wata ƙasa ba tare da an ji ta bakinka ba, don haka kada kwastoma ɗaya ya cinye fiye da rabin layinku.

Gargaɗi: shirye-shiryen da ƙungiyoyin duniya ke sa kuɗi, kamar rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 da ake yi a jihohinmu, galibi suna sayen maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance. Swiss Pharma ta Legas ce ta fara samun wannan tantancewa a Afirka ta Yamma, a 2023, da ƙwayar zinc ta yara. Idan masana'antarku ba ta kama wannan hanya ba, kada ka ɓata watanni kana bin ofisoshinsu.

4. Zaman farko: ka fi sauraro

Ka tafi da littafi da biro, ka bar dogon jawabi a gida. Bayan gaisuwa, abin da kake son sani shi ne: katan nawa yake sayarwa a wata, da rani da damina, wa ya mallaki tsarin haɗin maganin, shi ko masana'antar da take yi masa a waje, sunan maganin yana da rajistar alamar kasuwanci ko babu, kamfaninsa yana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lasisin PCN da famasis mai kula, kuma yaya yake biyan masu ba shi kaya.

Tambayar wa ya mallaki haɗin ita ce ake yawan mantawa. Mutane da yawa sun yi shekaru suna sayar da magani da sunansu, alhali sirrin haɗin yana hannun masana'antar Indiya, kuma ba za ta sake shi ba. Idan haka ne, sai ɗakin bincikenku ya gina haɗin daga tushe, wanda ƙarin watanni ne da ƙarin kuɗi.

Wani babban dillali ya taɓa ce mini, "Malam, ina son kayan nan kafin azumi." Saura wata uku a lokacin. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan azumin ba zai yiwu ba. Na baɗi, in Allah ya yarda, in mun fara yanzu." Na zana masa watannin a takarda: gwaji, jira, rajista. Ya yi shiru, ya ce wani ya yi masa alkawarin wata uku. Na ce to Allah ya sa alheri, muka yi sallama cikin mutunci. Na koma masauki raina a jagule, domin rabona da sabuwar oda an daɗe. Bayan wata bakwai ya kira ni da kansa, takardar da na zana tana hannunsa.

Gargaɗi: kada ka faɗi farashi a zaman farko, ko da "kimanin" ne. Lambar da ta fita daga bakinka ita za ta zauna a kansa har abada.

5. Lissafin farashi

Nan ne aka fi yin asara, nan ne kuma zumunci ya fi lalacewa, don haka zan ɗan daɗe.

Ciniki iri biyu ne, kamar wajen tela. Ko mai kaya ya kawo yadinsa ya biya kuɗin ɗinki, wato ya kawo sinadarai da kwalaye ku karɓi ladan aiki kawai. Ko kuma ku sayi komai ku miƙa masa magani a katan. Na farko ribarsa kaɗan ce amma jarinku bai shiga ba. Na biyu ya fi riba, sai dai haɗarin canji da jinkirin tashar jiragen ruwa duk a wuyanku suke. Ga sabon kwastoma na fi son na farko, da sharaɗin cewa daga wuraren da sashen ingancinmu ya amince da su zai sayo kayan, kuma za mu gwada su kafin su shiga.

Abubuwan da ke shiga lissafi su ne sinadarin da ke aikin maganin, sauran garin da ake haɗawa da shi, ledar kati da takardar alminiyam ko kwalba da murfi, kwali da takardar bayani da katan, ladan ma'aikata, wuta da dizal, gwaje-gwaje, abin da zai salwanta a hanya, sannan riba. Wuta kada a raina ta. Na'urorin tace iska da daidaita sanyi da danshi ba a kashe su don an ɗauke wuta, janareto ne zai ɗauka.

Bari mu yi misali da lambobin da na ɗauka don sauƙin lissafi kawai. A ce za a buga farasitamol mai miligiram 500 guda miliyan ɗaya. Sinadarin kaɗai kilo 500 ke nan. A ce kilo dala 5 ne, dala kuma naira 1,500: naira miliyan 3 da dubu 750. Idan kafin a biya dala ta koma 1,650, kuɗin ya zama miliyan 4 da dubu 125. Naira dubu 375 ta tafi ba wanda ya taɓa inji. Shi ya sa kowace takardar farashi da na rubuta tana ɗauke da abu biyu: kwanakin da farashin zai yi aiki, da canjin da aka yi lissafi a kansa, tare da bayanin cewa idan ya motsa fiye da kaso kaza za a sake zama.

Yanzu wanki da gwaji da cike takardu. A ce suna cin naira dubu 600 a kowane zubi, babba ne ko ƙarami. A kan ƙwaya miliyan ɗaya, kwabo 60 ke nan kowace ƙwaya. A kan dubu 100 kuwa, naira 6. Idan kwastoma ya ce kun cika tsada a ƙaramar oda, wannan lissafin za ka yi masa a gabansa da biro. Ɗan kasuwa yana gane lamba fiye da roƙo.

Sai salwanta. Ba a zuba garin miliyan ɗaya a kwashe miliyan ɗaya cif. Wani ya maƙale a inji, wani ya tafi gwaji, wani ya fashe. Idan ana samun 97 cikin 100, ƙwaya dubu 970 za a miƙa. A rubuta tun farko kaso nawa aka yarda da shi, da wanda zai ɗauki abin da ya wuce haka.

Akwai kuɗaɗen da sau ɗaya ake biya: ƙarafan buga ƙwaya idan yana son tambarinsa a jiki, zanen kwali, zubin gwaji, gwajin juriya na sanin tsawon lokacin da magani zai yi bai lalace ba, da kuɗin rajista. Ka ware su a shafi daban. Idan ka cusa su cikin farashin ƙwaya kuma kwastoma ya tsaya bayan oda ɗaya, ku kuka yi asara. Kuɗin rajista ka ɗauko daga jadawalin NAFDAC na ranar da kake rubutu, kada ka dogara da na bara. Ka kuma tambayi akawunku ko kayan da za a shigo da su suna cikin waɗanda umarnin shugaban ƙasa na watan Yuni 2024 ya ɗauke wa harajin shigowa, da kuma ko umarnin yana aiki har yanzu, domin yana iya sauya lissafin.

Gargaɗi: kafin alƙalami wajibi ne, aƙalla abin da zai rufe kwalaye da takardun da aka buga da sunansa. Kwali mai sunan wani ba ya sayuwa ga kowa. Kuma kada ka karya farashi ƙasa da abin da aikin yake ci don ka cike adadin da aka ɗora maka. Odar da ake asara a kanta, a ƙarshe ingancinta ake fara taɓawa.

6. Takardu uku, a jere

Ta farko ita ce ta riƙe sirri, a sa mata hannu kafin kowa ya buɗe tsarin haɗinsa. Ta biyu ita ce kwangilar ciniki: farashi, adadi, lokacin biya, wanda ya mallaki rajista da haɗin, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi. Wannan aikin lauya ne, kai dai ka tabbatar abin da kuka faɗa da baki shi ke rubuce.

Ta uku ita ce yarjejeniyar inganci, kuma ita ce 'yan kasuwa suka fi ƙosawa da ita. Ƙa'idojin GMP na Hukumar Lafiya ta Duniya sun wajabta rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mai ba da aiki da mai karɓa. A cikinta ake fayyace wa zai sayi kaya, wa zai gwada, wa zai sa hannun sakin kowane zubi, wa zai ajiye samfur, wa zai amsa ƙorafi, da wanda zai janye magani daga kasuwa idan ta ɓaci. Mai ba da aiki yana da haƙƙin shiga ya binciki masana'anta. Ku kuma ba ku da ikon miƙa aikinsa ga wata masana'anta ba da izininsa ba. Kai ba kai za ka rubuta ta ba, amma kai za ka zaunar da shugabannin inganci na ɓangarorin biyu a teburi ɗaya har su gama.

Gargaɗi: idan kwastoma ya zo bincike, kada ka ɓoye masa komai. Na taɓa ganin an kulle wani ɗaki an ce makulli ya ɓata. Mai binciken bai ce uffan ba, cinikin kuma bai sake tashi ba. Aibin da kuka nuna da kanku tare da shirin gyara ya fi sauƙin yafewa.

7. Watannin jira

Bayan sa hannu sai a fara ƙaramin zubi na gwaji, a gyara abin da ya ƙi, sannan a yi manya, bisa al'ada guda uku a jere, don a nuna cewa aikin yana fitowa iri ɗaya kowane lokaci. Daga nan samfur ya shiga akwatunan gwajin juriya. Ɗaya ana riƙe shi a zafin digiri 40 da danshi 75 cikin 100 na wata 6. Ɗayan a digiri 30 da danshi 75, wanda shi ne ma'aunin yanki mai zafi da laima irin namu, kuma shi zai ci gaba har tsawon rayuwar maganin. Babu kuɗin da ke gajarta wata shidan nan. Sai a haɗa kundin rajista a tsarin CTD, wato fasalin jera takardu da hukumar take karɓa, a shigar ta manhajarta ta NAPAMS, NAFDAC ta yi nata bincike da gwaji, lamba ta fito.

A nan ne sababbi suke karaya, domin ba abin nunawa a taron mako. Abin da nake yi shi ne, duk ranar Alhamis ina aika wa kwastoma saƙon layi huɗu: abin da aka gama, abin da ake ciki, abin da ya tsaya da dalilinsa, da abin da nake jira daga wurinsa. Ko babu sabon labari ina aikawa. Labari marar daɗi kuwa a ranar nake kira, da muryata, kafin ya ji a bakin wani. Mutum yana jure jinkiri idan ya san inda aka kwana. Shiru ne yake sa shi zargi.

Gargaɗi: kada a buga kwali da yawa kafin NAFDAC ta amince da zanen. Kalma ɗaya aka ce a canza, dubban kwalaye sun zama shara.

8. Inda za ka ce a'a

Wata rana wani zai sassauta murya ya ce a ɗan rage sinadarin, a bar abin da ke rubuce a kwali yadda yake. Wani zai ce yana da inda ake samun ruwan haɗa sirof da araha, babu takarda. Wani zai so maganin da ka san ba marasa lafiya ne za su sha ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka riƙe tarihin nan a kanka, don ranar da harshenka zai yi nauyi. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe aƙalla yara 84 a Najeriya, saboda gubar diethylene glycol ta shiga a madadin ruwan haɗi na gaskiya, wanda aka sayo a hannun mai sayar da sinadarai marar lasisi. A 2022 irin wannan guba a cikin sirof da aka shigo da shi daga Indiya ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin abin da sirof mai kodin ya yi wa matasa da matan aure ba kafin gwamnati ta hana shi a watan Mayu na 2018. Duk waɗannan sun bi ta hannun wani mai ciniki da ya ga alama ya kau da kai.

Ka faɗi a'ar cikin ladabi, sau ɗaya, ba tare da ƙofar ciniki a bayanta ba: "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba ma yin sa." Sannan ka rubuta wa shugabanka da shugaban inganci abin da ya faru a ranar. Za ka rasa la'adar watan, wataƙila a yi maka faɗa a taro. Ni dai ban taɓa rasa barci a kan odar da na ƙi ba. Idan kuma masu gidan ne da kansu suke matsa maka ka karɓa, ka koma mataki na farko, ka fara neman wani wuri.

9. Bi maganin har inda ya sauka

Yawancin masu wannan aiki suna tsayawa a bakin get, mota ta fita su juya ga oda ta gaba. A ganina nan suke zubar da ladan wahalarsu. Bayan wata biyu ko uku da fitar kaya, ka ware kwana biyu ka bi su. Ka fara da siton dillali: katan a kan katako yake ko a ƙasa, rufin kwano ne da zafin Afrilu ke dafawa, ana fitar da wanda ya fi kusa da lalacewa da farko ko kuwa. Sannan ka shiga ƙananan kemis na bayan gari ka tambayi masu kanti abin da mutane ke cewa. A nan za ka ji cewa murfin yana yoyo, ko katin yana da wuyar ɓarewa ga tsofaffi, ko yara suna tofar da sirof ɗin don ɗaci. Kowane ɗaya gyara ne da za ka kai gida, kuma shi ne mafarin zancen oda ta gaba.

A wani ƙaramin kemis da ke gefen kasuwar ƙauye na tarar da wata mata da goyo tana sayen ƙwayar zinc da gishirin zawo. Mai kantin ya ɓallo mata kati, yana gaya mata ta narkar da ƙwaya a cokali da ɗan ruwa, kullum ɗaya har kwana goma, ko da zawon ya tsaya. Da ta tafi na roƙi ya ba ni kwalin. Na juya bayansa, lambar zubin na sani: shi ne wanda aka tsayar kwana tara saboda ƙwayar ba ta narkewa cikin lokacin da aka ƙayyade, na sha kiran waya har na gaji, aka gyara aka sake gwadawa kafin a sake shi. Na sayi kati ɗaya na sa a aljihu.

Ka buɗe littafi na kanka, daban da rahoton ofis. Kowane magani shafi ɗaya: ranar zaman farko, ranar katan na farko, zubi nawa aka yi, ƙorafi nawa ya zo, da garuruwan da ka gan shi da idonka. Idan ka ga kayanku a kanti, ka ɗauki hoto ka kai wa masu inji da 'yan ɗakin gwaji, domin su ba sa fita su gani, kuma ranar da za ka roƙe su aikin dare za su san don wa suke yi. Sannan ka kira kwastoma ku zauna kan odar damina tun sanyi bai wuce ba. Masana'antun Sin suna tafiya hutun sabuwar shekararsu a Janairu ko Fabrairu, kwantena kuma tana iya daɗewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa, don haka sinadarin maganin zazzaɓin da za a buga a watan Mayu, tun Disamba ake sa odarsa.